Babi na Biyar: Muryar Wa Za Ta Buɗe Fim ɗin James Bond?

Duk sa'ad da labari ya bazu cewa ana shirin sabon fim na James Bond, ɗan leƙen asirin nan na Ingila da ake yi wa laƙabi da 007, akwai tambayoyi biyu da masu kallo kan yi ta jefa wa junansu tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Ta farko ita ce, wa zai fito a matsayin Bond? Ta biyu kuwa, wadda a kanta wannan babi zai tsaya, wane mawaƙi za a ba waƙar buɗe fim? Mai karatu yana iya cewa ina abin wahala a nan, ai sai a duba wanda tauraronsa ke haskawa a shekarar, a biya shi haƙƙinsa, ya rera, a wuce wurin. Da haka al'amarin yake, da tarihin waɗannan finafinai bai cika da sunayen manyan mawaƙan da suka yi waƙarsu, suka miƙa, aka mayar musu da abinsu ba, alhali a cikinsu akwai irin su Johnny Cash da Alice Cooper da ƙungiyar Blondie da ta Radiohead, waɗanda ba mai iya cewa shahara ce ta gaza musu.

Masu wuƙa da nama

Kafin a san yadda ake zaɓe, wajibi ne a san masu zaɓen. Mutum biyu ne suka kafa kamfanin Eon, wanda ya fitar da fim na farko mai suna Dr. No a 1962, watau Albert Broccoli da Harry Saltzman. Saltzman ya sayar da rabonsa a 1975, Broccoli kuwa ya ci gaba da riƙon gidan har tsufa ya cim masa, sa'an nan ya bar wa 'yarsa Barbara da agolansa Michael G. Wilson, kafin rasuwarsa a 1996. Saboda haka fiye da shekara sittin, har zuwa 2025, iyali guda na cikin masu yanke hukuncin ƙarshe, abin da ba a cika samu ba a sana'ar fim.

Amma fa ba su kaɗai ke da baki a maganar ba. Akwai mai tsara kiɗan fim ɗin gaba ɗayansa, wanda bukatarsa ita ce a samu waƙar da zai iya warware karinta ya saƙa shi a cikin sauran kiɗan, ta yadda mai kallo zai riƙa jin inuwarta a wurin faɗa da wurin soyayya. Akwai darakta, mai son waƙar ta faɗi abin da labarinsa ke nufi. Akwai kuma kamfanin da ya zuba kuɗi yake rarraba fim ɗin a gidajen sinima, wanda shi abin da ya dame shi shi ne gidajen rediyo su kama waƙar makonni kafin ranar fitowa, domin ta zama talla wadda ba a biya kuɗinta ba. Waɗannan maslahohi uku ba kullum suke haɗuwa a kan mutum ɗaya ba, kuma mafi yawan labaran da za mu kawo a ƙasa, asalinsu saɓanin da ke tsakaninsu ne.

Gida mai takensa

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne, mawaƙin da aka gayyata ba fili ya tarar ba. Tun a fim na farko aka yi wa Bond kiɗansa na kansa, wanda Monty Norman ya ƙaga, John Barry ya tsara shi ya ɗora shi a kan jita mai kaurin amo da ƙahoni masu tsawa. Wanda ya san fada ya san cewa kowane basarake da takensa, da zarar an buga, ko ba a ambaci suna ba, jama'a sun san wanda ke tafe. Kuma makaɗin da ya zo baƙunci fadar, kome gwanintarsa, tilas ya san taken nan ya girmama shi kafin ya kawo nasa salon. To, haka mawaƙin Bond yake. John Barry ya tsara kiɗan finafinan Bond goma sha ɗaya, daga 1963 zuwa 1987, kuma a tsawon wannan zamani ya kafa wani amo wanda kunne ya saba da shi: gogen Turawa masu yawa suna jan sauti a hankali, ƙahoni suna faɗowa a kansu kwatsam, kari kuwa yana tafiya tsakanin alfahari da fargaba, kamar mai shiga ɗakin da bai san abin da ke bayan ƙofarsa ba. Sharaɗin farko da ake dubawa ga mawaƙi, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, shi ne muryarsa za ta iya tsayawa a tsakiyar wannan runduna ta makaɗa ba tare da an haɗiye ta ba.

Matar da ta zama ma'auni

Wadda ta fara nuna wa duniya yadda ake cika wannan sharaɗi ita ce Shirley Bassey, a fim na uku mai suna Goldfinger, a 1964. An haife ta a 1937 a wata unguwar matalauta ta bakin tashar jiragen ruwa a birnin Cardiff na ƙasar Wales, mahaifiyarta Baturiyar Ingila, mahaifinta kuwa ɗan Nijeriya. Barry ya riga ya san ta, domin ya taɓa jagorantar makaɗanta a wani rangadi da ta yi, saboda haka da ya gama tsara karin, Leslie Bricusse da Anthony Newley suka sa masa baitoci, bai yi dogon nema ba. Ya san irin ƙarfin da ke ƙirjinta, kuma ya san waƙar gargaɗi ce a kan wani attajiri mugu mai son zinariya, wadda ke bukatar muryar da za ta tsorata mai ji ta kuma ja shi a lokaci guda.

A ɗakin ɗaukar murya a Landan, an kafa allo ana haska mata hotunan buɗe fim ɗin, domin dole ƙarshen waƙar ya faɗo daidai da ƙarshen hotunan. Da ta kai gaɓar ƙarshe, sai ta ga rubutun sunaye bai ƙare ba, Barry kuwa yana yi mata ishara da hannu ta riƙe, ta ci gaba da riƙe numfashi guda tana kallon allo, har da aka gama ta kusa faɗuwa, kamar yadda ita da kanta ta sha ba da labari. Abin mamaki kuma, da aka kai wa Saltzman waƙar, ƙin ta ya yi ƙi mai tsanani, kuma ba abin da ya cece ta illa ƙurewar lokaci, domin ranar fitar da fim ta matso, babu halin a sake wata. Faifan ya shiga cikin goma na farko a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, kuma tun daga ran nan duk wanda aka ba waƙar Bond, da Bassey ake auna shi. An sake kiranta a 1971, aka kuma sake kiranta a 1979 cikin gaggawa bayan shiri da Johnny Mathis ya wargaje, kuma har yau ita kaɗai ce ta yi waƙar buɗe fim ɗin fiye da sau ɗaya.

A ganina darasin da ke cikin wannan ƙissa ya fi na duk sauran girma. Mutumin da ya zaɓi Bassey makaɗi ne wanda waƙar ke hannunsa tun kafin ya nemi mai rerawa, ya san abin da take bukata, ya nemo maƙogwaron da ya dace da ita. Mai kuɗin fim ɗin kuwa, wanda hukunci ke hannunsa, da an bi ra'ayinsa da an jefar da ita.

Mas'alar suna

Shekara guda bayan haka aka ga ɗaya fuskar al'amarin. Barry da Bricusse sun shirya wa fim ɗin Thunderball waƙa mai wani suna dabam, Bassey ta rera, aka sake ba Dionne Warwick ta rera, komai ya kusa kammala. Sai kamfanin United Artists mai rarraba fim ɗin ya ce bai yarda ba, domin in ana jin waƙar a rediyo ba a jin sunan fim, to tallar wa ake yi? Hujja ce ta 'yan kasuwa, kuma ba za a ce ba ta da tushe ba. Aka ɗauko Don Black ya rubuta sababbin baitoci cikin hanzari, aka kira Tom Jones, shi ma ɗan Wales mai murya kamar aradu, ya rera. A wannan fim ne Johnny Cash ya aiko da tasa waƙar, wadda ta fi kama da ta finafinan kaboyi, ba a ɗauka ba.

Wannan ƙa'ida ta sanya suna ta daɗe tana ɗaure masu rubutu. A 1969 sunan fim ɗin, On Her Majesty's Secret Service, ya yi tsawon da ba ya reruwa, sai Barry ya buɗe shi da kiɗa zalla. Ba a saki ƙa'idar sosai ba sai a 1977, lokacin da Carly Simon ta rera waƙar da Marvin Hamlisch da Carole Bayer Sager suka tsara mai suna dabam da na fim, ko da yake an cusa sunan fim ɗin a cikin baiti guda. Ta kai matsayi na biyu a Amurka, daga nan masu kuɗi suka gane cewa waƙa in ta yi daɗi, mutane da kansu za su nemi sanin fim ɗinta.

Fim ɗin 1969 yana da wani abu da bai kamata a wuce shi ba. A cikinsa Bond ya yi aure, aka kashe amaryar ranar bikin. Barry da Hal David sun rubuta wa masoyan waƙa mai cewa lokaci mai yawa yana gabansu, sa'an nan suka nemi Louis Armstrong, dattijon mai busa ƙaho na Amurka, wanda a lokacin ya fito daga doguwar jinya, ƙarfinsa bai kai ya busa ƙahonsa ba, sai dai ya rera da muryar nan tasa mai kaushi. Babu wani lissafin kasuwa da zai kai mutum ga wannan zaɓi. Abin da Barry ya hango shi ne, in tsoho mai rauni ya faɗi cewa lokaci yana da yawa, mai ji zai fahimci akasin haka tun kafin labarin ya nuna masa. Armstrong ya rasu a 1971, kuma bayan shekara hamsin da biyu da yin waƙar, ita aka ɗauko aka rufe fim ɗin ƙarshe da Daniel Craig ya fito a matsayin Bond da ita.

Sa'ad da kasuwa ta yi rinjaye

Kada mai karatu ya ɗauka cewa neman mai suna kullum kuskure ne. A 1973, da Roger Moore ya karɓi matsayin Bond, Paul McCartney na tsohuwar ƙungiyar Beatles ya rubuta waƙar Live and Let Die, George Martin ya tsara mata kiɗa. Da Saltzman ya saurara, sai ya tambayi Martin wace mace za a ba ta rera, domin shi a zatonsa gwaji aka kawo masa. Sai da aka fahimtar da shi cewa McCartney ba zai ba da waƙar ba sai in shi da ƙungiyarsa ta Wings za su yi ta. Ita ce waƙar buɗe fim ta Bond ta farko da aka sa cikin takarar lambar yabo ta Oscar. Abin lura shi ne McCartney ya karanta littafin Ian Fleming, wanda aka samo fim ɗin daga cikinsa, kafin ya rubuta, Martin kuma ya cika ta da ƙahonin da gidan ya saba da su, saboda haka sabon salo ya shigo ba tare da ya kori tsohon ba.

A 1985, lokacin da matasa suka fara ganin Bond a matsayin fim ɗin iyayensu, aka ɗauko ƙungiyar Duran Duran, waɗanda suka zauna da Barry suka yi aiki tare, waƙarsu kuma ta zama ta ɗaya a Amurka, matsayin da har yanzu wata waƙar Bond ba ta sake kaiwa ba a can. Ganin haka aka so a maimaita a 1987 da ƙungiyar a-ha ta ƙasar Norway, amma jituwa ba ta samu tsakaninsu da Barry ba, har ya zama akwai sigar waƙar guda biyu, tasa da tasu. Wannan shi ne haɗarin gayyatar ƙungiyar da ta saba mulkin kanta: ta zo da nata ra'ayin, mai gida kuma yana da nasa.

Inda nake ganin kasuwa ta yi zalunci a fili shi ne 1997. David Arnold, wanda ya gaji aikin Barry, ya tsara wa fim ɗin Tomorrow Never Dies waƙa, mawaƙiyar Kanada k.d. lang ta rera ta da murya cikakkiya irin ta gidan, kuma ya riga ya saƙa karinta a cikin kiɗan fim ɗin tun daga farko har ƙarshe. Sai aka buɗe ƙofa mawaƙa da dama suka aiko da nasu, ciki har da ƙungiyar Pulp, aka zaɓi ta Sheryl Crow wadda sunanta ya fi tashe a Amurka, aka tura ta lang can ƙarshe, wurin rubutun sunaye, sa'ad da mutane ke tashi suna neman ƙofa. Sakamakon haka mai kallo yana jin kari guda yana bin sa a tsawon fim, alhali waƙar da aka buɗe da ita ba ta da dangantaka da shi. Crow gwana ce a fagenta, ba a nan laifin yake ba; laifin yana ga waɗanda suka raba waƙa da jikin kiɗanta.

Sabon Bond, sabuwar murya

Akwai kuma lokutan da ake zaɓen mawaƙi domin ya yi wa jama'a shela. Bayan shekara shida ba a fitar da fim ba, da aka dawo a 1995 da Pierce Brosnan a matsayin Bond, Tina Turner aka ba waƙar da Bono da The Edge na ƙungiyar U2 suka rubuta, murya mai tuna wa mutane Bassey, domin a tabbatar musu cewa gidan da suka sani yana nan. A 2006 kuwa akasin haka ake nufi, domin Daniel Craig ya zo da Bond mai tsauri, mai jin ciwo, mai zub da jini, sai aka nemo Chris Cornell, mawaƙin Amurka mai murya a tsage, ya zauna da Arnold suka rubuta tare. Tun kafin Craig ya yi dogon zance, waƙar ta gaya wa mai kallo cewa an sake mutum.

Zamanin lambobin yabo

A 2012, da finafinan suka cika shekara hamsin, aka nemi Adele, wadda faifanta mai suna 21 ya mamaye duniya a lokacin. A nan ne maslahohin nan uku suka haɗu a kan mutum ɗaya, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi: 'yar Landan ce, sunanta ya kai ko'ina, muryarta kuma irin wadda gidan ke nema ce tun 1964. Ta karanta labarin fim ɗin kafin ta rubuta tare da Paul Epworth, aka ɗauki kiɗan da makaɗa 77 a ɗakin Abbey Road, aka saki waƙar Skyfall ranar 5 ga Oktoba, ranar da Dr. No ya fara fitowa a 1962. Ita ce ta fara kawo wa gidan lambar Oscar ta waƙa.

Wannan nasara ta ƙara wani sabon sharaɗi a kan na da. Da ake shirin fim ɗin Spectre na 2015, ƙungiyar Radiohead ta miƙa wata tsohuwar waƙarta da ba ta taɓa fitarwa ba, aka ƙi ta domin ba don fim ɗin aka rubuta ta ba, ƙa'idar Oscar kuwa ta sharɗanta waƙa ta zama sabuwa. Suka koma suka rubuta wata, ita ma aka ce jimaminta ya yi yawa ga buɗe fim. Aka ɗauki ta Sam Smith, wadda ta zama waƙar Bond ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta kuma ci Oscar. Radiohead kuwa suka saki tasu kyauta a intanet ranar Kirsimeti ta wannan shekara, kuma har gobe masu sauraro suna jayayya a kan wadda ta fi.

Daga nan sai Billie Eilish, 'yar Amurka mai shekara 18, mafi ƙarancin shekaru a duk waɗanda aka taɓa ba wannan aiki, wadda ta rubuta No Time to Die tare da yayanta Finneas. Ga zahiri zaɓin ya saɓa wa ma'aunin Bassey, domin ita da raɗa-raɗa take waƙa, kamar mai magana a kunnen mutum. Amma fim ɗin na bankwana ne da cin amana, mai tsara kiɗansa Hans Zimmer kuma ya shimfiɗa mata gogen gidan a ƙarƙashin muryarta, suna tasowa sannu a hankali har inda ta ɗaga sauti a ƙarshe. An saki waƙar a Fabrairun 2020 ana sa ran fim a Afrilu, sai annobar korona ta rufe gidajen sinima, fim bai fito ba sai ƙarshen Satumban 2021. Waƙar ta ci lambar Grammy tun mutane ba su ga fim ɗinta ba, ta kuma ci Oscar a 2022, ta uku a jere. Da a ce tashen shekara kaɗai aka bi wajen zaɓe, da wata goma sha tara na jira sun isa su tsufar da ita.

Hannun da zai zaɓa nan gaba

A Fabrairun 2025 Barbara Broccoli da Michael Wilson suka miƙa ikon tsara finafinan ga kamfanin Amazon MGM, daga baya aka sanar da Denis Villeneuve a matsayin daraktan fim na gaba. Ma'anar wannan ita ce, a karon farko tun 1962, wanda zai yanke hukunci a kan mawaƙi ba ɗan gidan Broccoli ba ne, kuma kamfanin da zai yanke shi yana da nasa dandalin sauraron waƙoƙi, yana iya ƙidaya sau nawa aka saurari kowane mawaƙi a kowace ƙasa. Fatana shi ne a bar mai tsara kiɗa da darakta su fara sanin waƙar da labarin ke nema, sa'an nan a duba alƙaluma, kamar yadda aka yi da Bassey da Armstrong da Adele.

Sai dai ita waƙar, kome kyanta, ba a sauraronta a cikin duhu. Tana tafe ne tare da hotunan nan na inuwoyi da wuta da ruwa waɗanda ke gudana a allo minti uku ko huɗu, kuma mun ga yadda tsawonsu ya tilasta wa Bassey riƙe numfashinta. Mutumin da ya fi kowa aiki a kansu shi ne Maurice Binder, wanda ya ƙaga hoton bakin bindigar da ke bin Bond a farkon fim, wanda kuma a 1981 ya sa fuskar mawaƙiya Sheena Easton a cikin hotunan buɗewa, abin da ba a taɓa yi wa wani mawaƙi ba kafin ita. Yadda yake haɗa waɗannan hotuna a zamanin da babu kwamfuta, da dalilin da ya sa yakan kai aikinsa a ƙurarren lokaci har hankalin masu fim ya tashi, shi ne abin da babi na gaba zai yi bayani a kai.